Awon Janar

Ni na fara auna shi.
Yaro ne lokacin, Illa ɗan Nomau mai jakuna,
ya fito daga Bilbis da takardar lakwal a hannu
da wandon aro wanda igiya ke riƙewa.
Ƙugu taƙi uku. Kafaɗa kamar ta zakaran rani.
Kakin da bariki ta ba shi ya haɗiye shi,
na yi ta ragewa har allura ta yi zafi.
Ya biya ni dala goma, sauran ya ce sai ya zama mutum.

Duk hutu sai ya leƙo rumfata a kasuwar Tawa.
Galon farko ni na ɗinka,
hannuna na rawa, shi yana dariya.
Na biyu ya zo da gemu.
Na uku ya zo daga arewa, bayan Tiliya,
da huda a hannun riga, gefenta ya ƙone,
bai faɗi komai ba, ni ma ban tambaya ba.
Na yi masa maho, na sa zare mai kama da rairayi.

Ran nan ne ya ce, Jadi, yi mini aljihu daga ciki,
nan, saitin haƙarƙari.
Na ga takardar da ya ninke ya tura:
sunaye goma sha ɗaya,
kowane da garinsa, kowane da sunan uwarsa.

Da taurari suka hau kafaɗarsa a Yamai
telolin can suka karɓe ni aiki.
Na ji shi a rediyo, na gan shi a bayan mota,
ƙugu ya kai taƙi biyar, in ji idona.
Wasu sun yabe shi, wasu sun tofar da yawu.
Ni dai abin da na auna shi na sani.

Bara ya dawo, ba jiniya, ba dogari,
yana ban ruwan albasa kusa da tabkin Babaye.
Jiya ya zo da yadi huɗu na farin zawwati.
Na zagaya shi da igiyar awo,
ƙugu ya koma taƙi uku.

Na ce, Janar, wane ɗinki?
Ya ce, wanda ka ga dama,
kada dai ka manta da aljihun nan.
Sannan ya ajiye dala goma kan keke,
ya ce cikon bashi.