Ƙarƙashin Wutsiya

Ranar da Ja-wuya ta haihu ina Sinnar,
ina cinikin bel ɗin injin ban-ruwa.
Na dawo Mai Wurno bayan lisha, laka har ƙwauri,
na tarar da biyu a rumfa.
Ɗaya ya sha ya kwanta, ciki kamar ɗan gora,
ɗayan yana laluben nono a wuyan uwarsa.
Na yi dariya, na ce gobe zai gane hanya.
Na ci kisra, na miƙe ƙafa.
Ashe dakashi ba ya jiran gobe.

Kwana uku, Sittana ta zo riƙe da hanci:
Baba, ƙaramin ya ɓata bayansa.
Na ɗaga doguwar wutsiyar.
Rawaya ne, tsararo,
kamar kunun da aka yi wa rowar gari.
Ya manne gashi, ƙudaje sun riga ni sani.
Na sa yatsa a bakinsa, sanyi.
Na ja fatar wuyansa, ta tsaya cak
kamar tana jiran izinin komawa.
Ido ya faɗa. Kukan ma sai ka kasa kunne.

Tsoho Jatau ta kan danga ya ce baki ne.
Hajja Tasalla ta ce a jiƙa bagaruwa.
Wani mai jaki, ko sallama bai yi ba,
ya ce a raba shi da nono.
Kowa likita ne a kan dabbar wani.

Na hau tudun bakin kogi inda waya ke kamawa,
na kira Muzammil na asibitin dabbobi a Sinja.
Ya ce, ya Hajj, bushewa ke ɗauke su.
Tafasa ruwa, bar shi ya huce,
gishiri ɗan kaɗan, sukari, ya faɗa mini awo.
Kada ka hana shi uwarsa.
Fitar da shi daga danshi, wanke mata hantsa.
In ka ga jini, ko ya daina haɗiya,
kada ka sake kirana, taho da shi.

Uwani ta buɗe gwangwanin sukarin jabana,
wanda ko baƙo sai ta auna masa,
ta miƙo mini ba ta ce uffan ba.

Dare na farko, sirinjin da babu allura,
ɗigo, jira, ɗigo.
Rabi a maƙogwaro, rabi a hannun rigata.
Na naɗe shi a tsohon buhun dawa
kusa da garwashi.
Nilu na can ƙasa yana ta wucewa da ruwa,
ni ina roƙon cikin cokali ya zauna.

Kakana da ƙafa ya taso daga Haɗeja,
Makka ya nufa, nan ya tsaya ya haifi ubana.
Yakan ce ba nisa ke kayar da matafiyi ba,
ƙishin da ya raina ne.
Na ɗauka zancen hamada yake yi.

Dare na biyu na yi gyangyaɗi,
na farka buhun ba motsi.
Na kira sunan Allah da muryar da ban san ina da ita ba.
Sai kunne ɗaya ya kaɗa.

Asuba ta uku, Sittana ce kuma,
wannan karon ba ta riƙe hanci ba.
A kan busasshiyar harawa, ɗan curi,
mai kauri, ya tsaya inda ya faɗi.
Na ɗauko shi a tsinke, na duba a hasken gari
kamar maƙerin zinariya a kasuwar Umdurman.
Shekara hamsin da bakwai,
ga ni ina yi wa kashin ɗan tunkiya murmushi.

Ya tashi, ƙafafu kamar na aro,
ya wuce wuya, ya wuce ciki,
ya tunkuyi hantsa sau biyu.
Wutsiyar nan ta fara rawa.

Jiya bel ɗin ya sake tsinkewa.
Farar-ƙafa kuma hantsarta ta sauko,
yau ko gobe.
Albasa ta yi haƙuri.
Na jawo gadona bakin rumfa.