Ni Ce Kunnen

Babana, Jabez Thwaite, ya zana ɗakunan sujada talatin da ɗaya
a kwarurrukan Yorkshire, inda hayaƙin masaƙa
ke kwana bakin taga kamar baƙon da ya manta hanyar gida.
Masu saƙar ulu ne suka biya, sisi-sisi, taro-taro,
cikin gwangwanin shayi da ke zagayawa ran Asabar
kafin albashi ya gane ƙofar gidan giya.

Dattawa kan zo, hula a hannu:
muna son wurin mutum ɗari huɗu,
kuɗinmu na ɗari biyu ne da 'yan kai.
Sai ya tauna gindin fensir,
ya soke hasumiya, ya soke gilashi mai launi,
ya soke duk abin da ido ke kwaɗayi.
Yakan ce, talaka ba kallo ya zo ba, ji ya zo yi.
In mai wa'azi ya yi raɗa a mumbari,
tsohuwar kujerar ƙarshe, can inda iskar ƙofa ke cizon ƙafa,
ita ma a kai mata rabonta.

Abin da dattawa ba su sani ba,
tun yana ɗan arba'in kunnensa na hagu ya rufe,
na dama ya bi sawu a hankali.

Ni ce kunnen.
Ina 'yar shekara tara ya fara ɗaukata a keken doki.
In magina sun tashi, farar ƙasa ba ta bushe ba,
sai ya zaunar da ni a baya, ya hau mumbari,
ya yi raɗa: kyandir, man shanu, igiyar takalmi.
In na ji, in ɗaga hannu.
In ban ji ba, a sake lissafi, a sauke rufi da taƙi biyu.
Haka muka yi sha huɗu, babu wanda ya ba mu kunya.

Sai na Scarbeck,
watan da muka binne Mama.
Dusar ƙanƙara har gwiwa, safata ta jiƙe,
yatsuna sun daina amsa mini.
Ya hau. Na ga leɓensa yana motsi,
ya daɗe, ya fi kullum daɗewa,
idonsa ba a kaina ba, yana kan azara.
Ko harafi bai iso ni ba.
Na tuna wutar murhu, na tuna miya,
na ɗaga hannu.

Ɗakin nan ya rinƙa haɗiye murya kamar rijiya.
Masu wa'azi uku suka dushe a cikinsa.
Dattawa suka aiko takarda mai zafi,
garuruwa biyu suka janye aikinsu.
Babana ya sayar da agogonsa
ya kafa allon katako bisa mumbarin, ya ɗan rage.
Bai taɓa tambayata ba.
Da daddare ina jin sa yana juya takardu,
yana neman kuskuren cikin lambobi,
alhali kuskuren na kwance a ɗakin sama, ya ja bargo.

Yanzu yana maƙabartar wani coci da wani ya zana,
ƙarƙashin indararo karkatacce
wanda da ya gani da sai ya yi tsaki.

Bara, da sandata, na koma Scarbeck.
An mai da shi rumbun ulu,
buhuna har inda mawaƙa ke tsayawa a da.
Mai gadi, wani Seth Barraclough, ya karɓi sule ya buɗe mini.
Mumbarin na nan, allon na nan, tantabaru sun yi masa zane.
Na lallaɓa na tsaya a baya, daidai bakin ƙofa,
inda iskar take har yau.

Shekara sittin da ɗaya ina tunanin kyandir ne da man shanu,
amma jerin cefane ba ya kai tsawon haka.

Seth ya leƙo, ya ce, Baba, kin ji wani abu ne?
Na ce a'a.
Na bar hannuna cikin aljihu.