Ƙirgen Dare a Mandapam

Kofi biyar a kan teburi,
kowanne ruwa rabi,
kowanne da tsutsar sauro ashirin da biyar,
suna wutsil-wutsil kamar waƙafin da ya ƙi zama a layi.
Ni ke gadinsu yau.
Fanka na kuka a sama. Agogo ya wuce ɗaya.

Abin da na ɗiga musu jiya
daga buhun kakata ya fito,
Ponnuthai ta Chinnapalam,
mai naɗe yatsu da tsumma,
ta ɗaure da roba, yatsa bayan yatsa,
don dutsen murjani ba ya tausayin tsufa.
Buhu a ƙugu, tabarau mai tsagewa a gefe,
ta faɗa teku da sarinta,
ruwa ya rufe furfura.

Shekara hamsin tana tsinko ciyawar ƙarƙashin ruwa.
Dillali ya auna, ya rage na laima,
ya miƙa abin da ba ya kai man girki ƙarshen mako.
Ba ta taɓa tambayar inda ake kaiwa ba.
Ta dai san in dutse ya yanke ta
wace ciyawa za ta murza a bakin ciwon,
ta san ganyen darbejiya a tulun shinkafa
ba ya barin ƙwaro ya miƙe ƙafa.
Ina ƙarama na ce, “Wa ya koya miki?”
Ta ce, “Wa ya koya wa ƙaguwa tafiya a karkace?”

Na shanya a inuwa kwana tara,
don rana ɓarauniyar ƙarfi ce.
Na daka, na tankaɗe, na jiƙa, na tace,
na bar kwalba tana gumi
har buhu guda ya koma cokali ɗaya,
kore mai duhu, mai danƙo,
mai ƙarnin gaɓa bayan ruwa ya janye.

Shekarar da zazzaɓin dengi ya shigo layinmu
mota ta zo da farin hayaƙi.
Muka yi tari kwana uku,
kaji biyu suka kwanta,
sauro ya dawo ran Laraba.
Ƙanena Anbarasan bai dawo ba.
Silifas ɗinsa na nan bayan ƙofa,
kowa na shara yana kewaye su.

To, ƙirge.
Na taɓa kowace da bakin allura,
wadda ta motsa tana da sauran kwana.
Kofin farko, ruwa zalla: duk suna rawa.
Na biyu: huɗu sun nutse.
Na uku, tara. Na huɗu, sha shida.
Na biyar na ƙirga sau biyu,
don hannuna ya fara yi mini gardama:
ashirin da uku, shiru, a gindin kofi.

Ban yi guɗa ba.
Na juya ga kwanon da ke lungu
inda na zuba wa ’ya’yan kifi irin wannan ɗigon.
Maganin da ya kashe sauro ya haɗa da kifi
yunwa ce ta sake riga.
Goma na saka.
Goma na iyo,
ɗaya ma har yana cizon inuwar yatsana.

Wannan ba nasara ba ce tukuna,
lamba ce a littafi mai tabon shayi.
Sai na maimaita, na sake maimaitawa,
sai wani da bai san kakata ba ya gwada ya samu haka.
Biyun da suka tsira kuma suna kallona,
su ma da nasu jikokin.

Ƙarfe huɗu waya ta yi ƙara.
Ina jin injin kwale-kwale a bayan muryarta.
“Kayalvizhi, nawa?”
“Ashirin da uku, Kaka.”
“Kifin fa?”
“Lafiya lau.”
Ta yi shiru, na ji robar tana ɗas a yatsa.
“To ki ci abinci,” ta ce.
“Ruwa ya fara janyewa, ana jira na.”