Ummu Sabur

A ƙauyenmu, yamma da Nuhud,
inda ake haƙa gaba arba'in ƙasa ba ta ce uffan ba,
akwai kuka mai kogo a bayan gidanmu.
Kakana Tanimu bai taɓa ce mata itace ba.
Ummu Sabur yake kiranta,
da muryar da ake gaida yaya.

A ƙafa ya zo, niyyarsa Makka.
Nan ƙishirwa ta durƙusar da shi,
wani tsoho, Dawul-Baiti, ya hau reshe,
ya zura wasaki a cikin kuka, ya jawo ruwa.
Kaka ya sha, ya ɗaga kai:
"Mu can miya muke yi da ke,
ashe a nan randa ce."
Makka ta jira shi shekara tara.

Ni ne siririn gida,
ni ake ɗaura wa igiya in hadari ya fara leƙowa.
A zura ni ciki da fitila da ƙoƙo,
in kankare laka ta bara, da kashin jemage,
wata shekara har da takalmin da ba a san mai shi ba.
In na yi tari, sai kuka ta amsa.
A waje mata na share gurbi a gindinta,
ruwan sama ya kwanta,
mu yi ta ɗagawa, guga bayan guga,
har kafaɗa ta manta sunan mai ita.
Sai a toshe baki da ciyawa, a yaɓe.
Ba mai buɗewa sai kankana ta ƙare a gona,
sai raƙumi ya fara lasar inuwa.

Sannan aka kawo injin burtsatse.
Ya yi tari, ya tofo ruwa, muka yi guɗa.
Wa zai sake hawa itace?
Kukoki talatin da ɗaya suka bushe ta ciki,
wasu suka tsage, mujiya ta tare.
Gwaggo Sittana kaɗai ta ƙi.
Kowace damina tana gindin kuka da gugarta,
yara na dariya: tsohuwa na shayar da itace.

Shekarar da mai ya yanke,
injin ya yi shiru kamar wanda aka yi wa rasuwa.
Jarka ɗaya ta kai kuɗin akuya.
Ƙauye bakwai suka hallara a ƙofarmu,
da makiyayan da muka yi shekaru ba ma gaisawa.
Gwaggo ba ta yi gori ba.
Ta ce a kawo sanda, a yi tsaga:
mai jego moɗa uku, mai tafiya biyu,
dabba sai bayan la'asar,
kuma duk wanda ya sha
yana bin wata kuka bashin guga ɗari.
Ta ce, "Da ruwan ciki akan ja na rijiya."

Goma sha huɗu muka farfaɗo da su. Sauran sun tafi.

Yanzu bakin kogo ya yi mini kaɗan.
Jiya na ɗaura wa 'yata Nafahatu igiya,
na sassauta a hankali, tafin hannuna na zafi.
Can ƙasa ta yi tari.
Na kasa kunne.