Ranar Tantancewa

Tun kafin ladanin Agege ya gyara murya
na ɗaure takarduna cikin leda biyu,
don ruwan Ikko ba ya yin sallama.
Danfo ta kwashe mu kamar buhunan albasa,
kwandasta na kiran Oshodi,
gwiwata na amsa masa.

Yau ne zan je in shaida wa gwamnati
cewa ban mutu ba.

Ni Barau ɗan Ilu,
shekara talatin da biyar a bakin ruwan Apapa.
Na sauke shinkafar da ban ci ba,
na ɗauki sumuntin benayen da ban taɓa hawa ba.
Ran sallama aka ba ni agogon bango,
yana nan, ya tsaya a ƙarfe huɗu.

Da can benci ɗaya ya ishe mu.
Yau layi ya fita ƙofa, ya bi gefen kwata,
fari fat,
kamar gonar auduga ta miƙe tsaye.
Bara Adisa ne a gabana da tsohuwar laimarsa,
muna gardamar wa ya fi wani ciwon baya.
Bana laimar ta zo,
matarsa ce ke riƙe da ita.

Azahar ta gota na isa tebur.
Yarinyar sa'ar jikata ce, da ladabinta.
Ta ce, Baba, ɗora yatsa.
Na ɗora. Na'ura ta yi ja.
Ta ce, goga a riga. Na goga.
Ta ciro man shafawarta ta ɗiga mini,
ja dai.

Ta ce, sabon tsari ne, Baba,
don a kori matattun da ke karɓar kuɗi.
Na ce, 'yata, su ta wace ƙofa suke shiga?
Nuna mini, in bi bayansu.
Ta yi dariya, sai kuma ta sunkuyar da kai.

Igiyar jirgi ce ta cinye zanen,
gishiri ya lashe saura.
Aikin da nake bin bashinsa
shi ya goge shaidar.

Jikana Sabi'u na kai saƙo a kan babur,
ubangidansa na cikin waya, bai taɓa ganin fuskarsa ba.
Na yi masa zancen adashin gata,
ya ce, Kaka, wanda bai ci yau ba?
Ban san layin da zai tsaya ba
ran da tasa audugar ta buɗe.

An ce in dawo Alhamis.

A hanya na tsaya wajen mai burodi.
Na danna guda, in ji ko na yau ne,
babban yatsana ya nutse,
ya bar gurbi.
Na daɗe ina kallon wurin
har ta ce, Baba, za ka saya ne?
Na ce, wannan ɗin za ki ba ni,
shi ya gane ni.