Tarin Unguwarmu

Shekara goma sha ɗaya ina bayan kantar nan,
kemis ɗin kwanar Dilimi, jikin masu walda.
Ni ba likita ba ne. Na faɗa, na rubuta a allo,
amma wa ke karanta allo in ƙirji ya toshe?

Na san mutanen unguwa da tarinsu
tun kafin fuska ta shigo.
Na Baba Gyang busasshe ne, kamar ana jan kwano a siminti.
Shekara talatin ya yi a ramin kuza,
an rufe ramin, ramin bai fita daga ƙirjinsa ba.
Na Tasalla mai ƙosai hayaƙin itace ne, mai kauri,
takan ce, "A ba ni irin na jiya, mai zuma-zuma."
Na Nanret 'yar firamare ba tari ba ne, fito ne,
siriri, kamar buta ta soma tafasa.

In Agusta ya zauna a kan Jos
da yayyafin nan da ba ya ɗaukewa,
sai mura ta bi gida-gida kamar uwar adashi.
Kowa ya zo: "Kafso, ja da rawaya!"
In ce mura ba ta jin kafso,
ga farasitamol don zazzaɓi, sha ruwan ɗumi, kwanta,
a dafa maka citta da lemun tsami.
Sai a yi tsaki, a tsallaka shagon gaba
inda ake sayar wa mutum abin da bakinsa ya roƙa.

Akwai samarin bayan isha'i,
huhu garau, ido jawur.
A bakin ƙofa suke ƙirƙiro tari:
"Oga, sirof, wanda ka sani."
Tarin ƙarya ba shi da gindi, a maƙogwaro yake tsayawa.
Nakan ce ya ƙare. Ya daɗe da ƙarewa.

Ranar wata Laraba
inhela shuɗiya ɗaya ta rage mini.
Kuɗinta ya yi tsalle tun bara, dillali ya daina ɗaga waya.
Na ɓoye ta bayan kwalin auduga
don Hansatu, 'yata, shekara bakwai,
mai kwana a zaune in sanyi ya gangaro daga duwatsun Shere.
Sai ga uwar Nanret, ba takalmi, zani jiƙe sharkaf.
Ba ta yi sallama ba. Ta dafa ƙirji,
ta buɗe hannu: dubu ɗaya da ɗari biyu a cukuikuye.

Hannuna ya san hanyar kwalin auduga.
Ya tsaya. Allah ya gani, ya tsaya,
tsawon numfashina uku,
masu sauƙi, waɗanda ban biya ko sisi ba.
Sannan na miƙa.
"Girgiza tukuna. Ta zauna, kar ta kwanta.
In bai sake ta ba, asibiti, kar ki jira asuba."

Daren nan ban runtsa ba.
Na zauna bakin katifa, kunnena a bayan Hansatu,
ina ƙirga kamar mai lissafin ciniki:
shiga, fita, shiga.
Tsohuwar inhelarta a hannuna,
ina kaɗa ta kusa da kunne kamar kwalin ashana
ko da saura.
Ruwa na dukan kwano. Wani kare na haushi can Gangare.
Ba ta yi fito ba,
ko sau ɗaya.

Da safe na tarar da leda a ƙofar shago:
dankalin Turawa da ƙasarsa, da kabeji guda.
Babu suna.
Baba Gyang na tafe, na jiyo shi tun daga kwana.
Na buɗe littafin bashi, na cire murfin biro,
na rasa a shafin wa zan rubuta.