Mai Yankan Makulli a El Alto

Shekara tara da ƙarar makulli nake gane dare.
In ya juya sau ɗaya, Rufino ya dawo da hankalinsa.
In ƙarfe ya yi ta laluben ƙarfe,
sai in tura yara ƙarƙashin gado, in kashe fitila.

Garinmu a kafaɗar dutse aka ɗora shi, iska ba ta cika huhu.
Na ɗauka shi ya sa numfashina ke gajarta.
An ce mai haƙuri kan dafa dutse;
na dafa har itace ya ƙare, ban ga romo ba.

Basilia mai busasshen dankali
ta lura da yadda nake karkata hula kan idon hagu.
Ba ta tambaye ni ba.
Ta auna rabin kilo, ta yi mini gyara,
a cikin gyaran ga usur ja na roba.
"Layinmu gida goma sha huɗu ne," in ji ta.
"Ki busa, ko ƙarfe ukun dare ne."

Wata biyu yana ƙulle a bakin mayafina.
Daren da na busa, kukan ɗan tsako ya fi shi ƙarfi,
amma wani ya amsa daga gidan Eulalia,
wani daga bayan shagon faci.
Mata suka fito lulluɓe da barguna, suna buga murafun tukwane,
har da tsoho Anselmo da tocila.
Ba wanda ya taɓa shi.
Tsayawa suka yi suna kallo
har hannunsa ya rasa inda zai ɓuya.

Akwai ɗaki a saman gidan burodi, Talata da Asabar.
Benci huɗu, allo, shayi mai zafi.
Can lauya ta karanta mana doka a hankali, da yarenmu,
na ji ashe abin yana da suna,
kuma sunan ba aure ba ne.
Can na koyi sa hannu ba da dangwale ba.
Severina, wadda yatsunta biyu ba sa lanƙwasuwa,
ta kama hannuna ta ɗora kan injin yankan makulli:
"Kada ki danne. Bi haƙoran kawai."
Na lalata goma sha ɗaya kafin ɗaya ya buɗe.

Yanzu ina da rumfa kusa da tashar motar da ke tafiya a kan waya.
Har yau in ƙarfe ya motsa da dare, cikina kan ɗuri ruwa.
Ƙaramin ɗana yana tambayar ubansa, ban iya amsar ba tukuna.

Makon jiya wata yarinya ta zo, hula a karkace,
tana son a yanka mata na biyu, kada kowa ya sani.
Na yanka, na goge, na naɗe a takarda tare da gyara.

Ban ji ta ba har yanzu.
Ina kwana da taga a ɗan buɗe,
duk da wannan sanyi.